Musayar Waƙa: Ako, Ƙasar Gishiri

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum. Yau Japan na nufa da baitina. Amsa-amon "ri" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Ku ji labarin Ako a yankin Harima,
Ƙaramar ƙasa ce a bakin ruwan gishiri.
Asano Naganao ya zo 1645,
Ya gina fada da ganuwa bisa tsari.
Talaka na watsa ruwan teku a yashi,
Ya tace, ya dafa, sai gishiri fari.

Uwar Marayu:
Yaya, ka tsaya kan tukunya ka bar takobi,
Ai jikansa Naganori ya jawo haɗari.
A 1701, cikin fadar Edo, Tokyo ta yau,
Ya kai wa bafada Kira Yoshinaka sara da sauri.
Shogun Tsunayoshi, mai mulkin Japan, ya ce Naganori ya tsaga cikinsa,
A ranar, ba jira, ba dogon nazari.
Ƙasa mai koku 50,000, ma'aunin shinkafa,
Aka ƙwace, barori suka watsu a gari.
Kira kuwa ko tsawa ba a yi masa ba,
Nan ne zuciyata ta ƙi yin haƙuri.

Malam Na-Soro:
'Yata, kin faɗi gaskiya, bari in ɗora.
Oishi, wazirin gidan Asano, ya ɓoye ƙuduri.
Kusan shekara biyu yana lallaɓa maza,
Su 47 suka gama shiri.
Daren Janairun 1703 suka fasa gidan Kira,
Suka kai kansa haikalin Sengakuji, inda Naganori ke da kabari.
An ce 46 su bi ubangidansu,
Can suke kwance da shi a jeri.

Ɗan Kurmi:
Malam, a gafarce ni, akwai abin da ka tsallake,
Shi ya fi taɓa ni cikin wannan labari.
Ako na da kuɗin takarda nata na kanta,
Da fada ta faɗi sai hankali ya tashi a gari.
Kafin Oishi ya miƙa ganuwa ba yaƙi,
Ya buɗe baitulmali ga masu jari.
Shida cikin goma ya biya kowa,
Ya sallami ɗan kasuwa da mai dafa gishiri.

Uwar Marayu:
To Yaya, na sakar maka wannan.
Gidan Mori suka gaje ta, 1706 ne fari,
Koku 20,000 kacal aka ba su,
Har 1871 da aka rushe tsohon tsari.
Yau tana cikin jihar Hyogo,
Har yanzu ana sayar da nata gishiri.