An ba mu fim mu kalla a aji, ga surukata tana kwana a falo

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kafin Litinin. Malamarmu ta SFI, ajin da ake koya wa baƙi yaren Suwidin, ta ce kowa ya kalli Jalla! Jalla! ya zo ya ba da labarinsa a gaban aji. Ta ce na barkwanci ne, kan iyali da soyayya da abota. To Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta zo mana daga Katsina, a falo take kwana, talabijin ɗin ma a falon yake. Ba mu da laftof, wayata kuma gilashinta ya tsage. Maigida ya ce a kunna daren Juma'a a kalla gaba ɗaya, tunda zaman shiru ya ishe ta. Wanda ya taɓa gani ya faɗa min, ana iya kallonsa da suruka?

Ɗan Malmö: Wa alaikumus salam. Ki kalla a laftof kawai ki sa abin kunne.

Maman Ilham: Malam, na ce ba mu da shi.

Baban Sadiq: Na gani har sau biyu. Na shekarar 2000 ne, Josef Fares ya shirya shi yana ɗan shekara 23, haifaffen Beirut ne da ya zo ƙasar nan yana yaro. Yayansa Fares Fares ne ya fito a matsayin Roro, mahaifinsu na gaske kuma shi ne uban a fim ɗin. Roro da abokinsa Måns masu gyaran lambun shaƙatawa ne, har kashin karnuka suke kwashewa. Yana da budurwa 'yar ƙasa, Lisa, ya ɓoye ta, gida kuma sun zaɓa masa Yasmin. Ita Yasmin in ba ta yi aure ba Labanan za a mayar da ita, sai suka haɗa baki suka ce sun amince don su samu sarari. Na yi dariya har da hawaye, musamman inda tsohon yake ture mutane da tumbinsa.

Anti Larai: Baban Sadiq, ka tsallake abin da ta tambaya. 'Yar'uwa kada ki soma. Shi abokin nan Måns matsalar mazantaka ke damunsa, rabin dariyar fim ɗin a kan neman maganinsa take, kuma ba a sakaya ba. Wannan ba sai Hajiya ta ji yaren ba, ido ya isa.

Gwanin Rimot: A ba ni kwangila. Ina danna gaba kafin a rufe ƙofar ɗaki. Kurona 50 da tuwo malmala biyu.

Bawan Allah 79: Ku kuna dariya. Ni na kashe shi tun bai kai rabi ba, don rayuwata na gani. Ina shekara ta huɗu a nan kawuna ya kira ya ce an ba ni 'yarsa, har an sa rana. Ba a tambaye ni ba, ita ma ba a tambaye ta ba. A lokacin akwai wadda muke tare, 'yar Eritiriya, Musulma, iyayenta sun san ni. Na yi irin dabarar Roro, na ce to, a bari na gama karatu. Shekara biyu ina ja, ina aika kuɗin lefe da na gyaran ɗaki don a bar ni na sha iska. Ranar da 'yar Eritiriyar ta ji labari a bakin wani ɗan garinmu, ko sallama ba ta yi min ba. Aka ɗaura aure ba na nan. Amarya ta zo, muka zauna wata goma sha huɗu kamar baƙi a tasha, ashe ita ma tana da wanda take so a gida. Muka rabu. Yau shekara shida mahaifiyata da ƙaninta ba sa ga maciji. A fim komai na warwarewa cikin awa ɗaya da rabi, kowa ya tafi da wanda yake so.

Anti Larai: Allah ya sanyaya maka, ɗan'uwa. Amma kai ma ka yi kuskure da ka ce to.

Bawan Allah 79: Anti, ke kin taɓa ce wa kawunki a'a?

Ɗan Malmö: A koma kan fim. Haya na yi a intanet, kurona 39.

Ummu Khalil: 39 ina? Ni 49 na biya. Da na sani ma, faifansa na gani a shagon gwanjo kurona 10.

Baban Sadiq: Duk kun yi asara. Katin laburare ya isa, a Cineasterna, shafin fina-finan laburare na intanet, ake aron fim kyauta, sai dai ki duba ko yana ciki a garinku.

Ummu Khalil: Kyauta a inda kake. Ni da na je faifai suka ba ni, wa ke da abin kunna faifai yanzu?

Alhaji na Kano: Ni ban ga dalilin da matar aure za ta kalli fim ɗin Turawa da sunan karatu ba. Ki ce wa malamar addininki bai yarda ba.

Gwanin Rimot: Alhaji, daga Kano kake ba da fatawar SFI? Ko kalmar fika, hutun shan kofi na mutanen nan, ka sani?

Alhaji na Kano: Sai na je Suwidin zan san kunya? Yaro, na aurar da 'ya'ya uku.

Anti Larai: Shekarata goma sha tara a ƙasar nan, na kawo surukata sau biyu, ni ya kamata a saurara. Ki roƙi malamar ta canza miki da En man som heter Ove, na 2015. Dattijo ne mai faɗa da maƙwabciyarsa 'yar Iran, ba batsa.

Ummu Khalil: Anti, wanda aka fara shi da mutum yana ƙoƙarin rataye kansa? Shi za a kunna wa Hajiya bayan isha'i? Daɗewa a ƙasa daban, sanin fim daban.

Baban Sadiq: Abin da ya fi tsaya min a Jalla! Jalla! shi ne yadda Roro ke magana da gida da wani baki, a waje da wani. Sadiq ɗina haka ya koma. Na yi masa Hausa ya amsa da yaren nan. Kakarsa ta kira, daga "ina wuni" sai ya miƙo min waya.

Ummu Khalil: Wallahi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Na nemi a sa nawa a darasin harshen uwa, aka ce yara ba su kai yawan da za a buɗe aji ba, malami ma babu. 'Yan Somaliya da Larabawa suna da nasu.

Ɗan Malmö: Laifinmu ne. Sau nawa aka ce a haɗu ranar Asabar a riƙa koya musu? Da an zo maganar kuɗin hayar ɗaki kowa sai ya ɓace.

Anti Larai: Kuɗin da aka tara wancan karon ina suka shiga? A fara amsa wannan.

Maman Ilham: Jama'a, gobe Juma'a fa. Hajiya har ta ce a siyo gugguru.

Ɗan Malmö: Anti, rasit yana wurina. Kurona 1,800 aka tara, ba 3,000 da ake yaɗawa ba.