Wa ya kashe Jamhuriyar Rum? Musayar baituka

Ɗan Ƙofar Mata:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau Rum ta da za mu. Amsa-amo "ya" ne, mai ƙarfi ya biyo ni.

Da sunan Allah na ɗau alƙalami,
Shi ne mai mulki na gaskiya.

Rumawa sun kori sarkinsu,
Suka rantse ba sa komawa baya.

Shugaba biyu, shekara guda,
Kowa ya gama sai ya ba da hanya.

Ƙarni kusan biyar ana haka,
Har Kaisar ya zo da mugun nufi a zuciya.

Ya ƙetare kogin Rubikon da runduna,
Doka ta hana, bai ko ji kunya.

A kansa laifin yake, na faɗa,
Kaisar ya kashe jamhuriya.

Uwar Baiti:
Ɗan Ƙofar Mata, sannu da aiki,
Ka taho da gudu, ka bar gaskiya.

Tun ba a haifi Kaisar ɗin ba,
Dattawa suka fara ɓarnar tsiya.

Girakus ya ce a raba gonaki,
Talaka ya sami abin moriya.

Suka far masa da ƙafafun benci,
Suka ba kogin Tibar gawar ajiya.

A shekara ta 133 kafin Miladiyya aka yi wa Girakus, wakilin talakawan Rum, wannan, ƙanena, kuma fiye da mutum 300 suka mutu tare da shi. Ƙanensa Gayus ma a kan wannan hanya ya rasa ransa a 121. 'Yan majalisa ne suka fara kawo sanda wurin da ake kaɗa ƙuri'a.

Baƙon Damagaram:
Allah ya ƙara basira, Hajiya! Yau kam Kanawa sun ji jiki. Bakano ai ciniki ya sani, tarihi sai a bar wa masu shi.

Malam Mai Aruli:
Kafin a yi nisa. Ɗan Ƙofar Mata, ɗangon nan naka "Har Kaisar ya zo da mugun nufi a zuciya" ya ɗara abokinsa da gaɓoɓi da yawa. Ba Mutadarik ba ne, ba Rajaz ba ne. A gyara.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam ka iso da ma'auninka,
Mu muna Rum, kai kana Zariya.

Rera shi ka ji in ya karye,
Kunne ke hukunci, ba ƙidaya.

Baƙo, kai kuma ka yi ta kirari,
Baiti ɗaya tak ka gaza rubutawa tun jiya.

Yaya, ke nake wa tambaya:
Wa ya bi Fomfi da sojan haya?

Har ya gudu Masar neman tsira,
Can aka sare shi, ba kariya.

Wa aka naɗa mai mulki har mutuwa?
Ki faɗi sunansa, ban da kewaya.

Uwar Baiti:
"Sojan haya" don ka cika amsa-amo ka sa shi. Sojojin da suka yi shekaru tare da Kaisar a yaƙin Gol ne, ƙasar Faransa ta yau. Kuma mutanen sarkin Masar ne suka kashe Fomfi, janar abokin hamayyar Kaisar, a 48, Kaisar bai ma iso ba tukuna.

Tsohon Soja:
Na makara, babu wuta a unguwarmu. Ku bar ni in faɗi ta soja, don duk kun tsallake ta.

Mariyus ya ɗebi marasa gona,
Ya ba su takobi da garkuwa.

An gama yaƙi, gida babu,
Majalisa ba ta da kulawa.

Janar ne ke nema musu fili,
To shi za su bi har mutuwa.

Sulla ya gane haka tun 88,
Ya shiga Rum da dakaru, ba mai hanawa.

Da ya dawo ya kafe sunaye a dandali,
Duk mai suna ciki, halal kashewa.

Mariyus da Sulla janar-janar ne na Rum, kuma shigar Sulla birnin a 88 shekara 39 ke nan kafin Rubikon. Sojan da ya san daga hannun mutum ɗaya sallamarsa za ta fito, ba ya tambayar abin da doka ta ce. Wannan abu na ci mini rai ƙwarai.

Malam Mai Aruli:
Ranka ya daɗe, maganarka dutse ce, amma ka canja amsa-amo daga "ya" zuwa "wa", kuma ka cusa lamba cikin ɗango. Yaya za a rera 88?

Baƙon Damagaram:
Tamanin da takwas za a rera mana! Malam ka bar dattijo ya huta.

Malam Mai Aruli:
To auna "tamanin da takwas" ka ga inda ƙafar ta tsaya. Sharaɗi mai zaure ya kafa, ba ni ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ni na kafa, kuma na yafe wa Baba. Kai ne ban yafe wa ba. Sau uku kana gyara, ba mu ga baitinka ba.

Uwar Baiti:
A nan ina bayan Bakano. Malam, a sauko fili.

Malam Mai Aruli:
Kun ce in yi, to ga nawa,
Ku auna da kyau, ban da hayaniya.

Wuƙaƙe sun sami Kaisar,
Ya faɗi a gindin gunkin abokin hamayya.

Burutus ya ɗaga hannu da jini,
Ya zaci ya ceci jamhuriya.

Da aka karanta wasiyya,
Talakawa suka ga rabonsu a dukiya.

Birni ya juya wa makasa,
Suka fice, ba su ƙara dawowa baya.

Yaro ɗan sha takwas ya gaje shi,
Sisaro ya ɗauka zai ja shi da igiya.

Kan Sisaro da hannu aka kafe
A mumbarin da yake faɗin gaskiya.

Oktabiyan bai ce shi sarki ne ba,
Ya bar majalisa da zaɓe da hidimar yau da jiya.

Soja da Masar suna hannunsa,
Dattawa na zama, shi ke da linzamin tafiya.

Ranar 15 ga Maris, 44 kafin Miladiyya, Burutus da wasu 'yan majalisa suka kashe Kaisar da suka 23; Sisaro kuwa dattijon majalisa ne mai iya jawabi. Oktabiyan, yaron da ya gaji Kaisar, ya karya abokin hamayyarsa Antoni a yaƙin Aktiyum a 31, majalisa da kanta ta ba shi laƙabin Agustus a 27, ya riƙe har ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya. Ni a kansa nake ɗora laifin.

Baƙon Damagaram:
Kai! Zazzau ta yi magana. Bakano, a tattara kaya.

Ɗan Ƙofar Mata:
Malam, "gunkin abokin hamayya"
Ya fi nawa tsawo, ka ji kunya.

Kuma wa ya rubuta yaron a wasiyya?
Kaisar ne dai, mun dawo hanya.

Uwar Baiti:
Ba mu dawo ba, ƙanena. Har yanzu ba ka amsa mini maganar Girakus ba, kuma Baba yana jiran taka a kan Sulla.