Musayar Waƙa: Kwale-kwalen Van Gogh a Bakin Teku

Mai Alƙalami:
Sallama 'yan'uwa, ga zane mu tattauna shi,
Van Gogh ɗan Holan shi ne ya zana shi,
A Yunin 1888 ya kammala shi,
Ƙauyen Saintes-Maries na Faransa, can ya gano shi.
Kwale-kwale huɗu an jawo su kan yashi,
Ba mutum ko guda, ba masunci da tarunshi.
To ina inuwarsu? Ku ba ni dalilinshi.

Malama Mai Launi:
Malam, idonka ya kai, lallai babu inuwa,
Ba mantuwa ba ce, ba kuma gazawa.
Tun asuba masunta ke tura jirgi cikin ruwa,
Kafin mutum ya haɗa fenti, gaɓa ba kowa.
Sai ya yi sammako, alƙalamin kara ya riƙa,
Irin na allo, a fere baki, a tsaga don tawada ta samu zubowa.
Ya zana su a takarda, ya rubuta launinsu don tunawa,
Fentin kuwa a ɗaki ya yi shi, a garin Arles, bayan komawa.

Ɗan Bakin Gaɓa:
Malama kin yi daidai, ga cikon bayani:
Hotunan Japan na bugun katako sun shiga masa tunani.
Can layi mai kauri ake ja, a cika ciki da launi,
A shimfiɗe, ba a damu da inuwar wani.
Ja da kore da shuɗi, kowa a gurbinsa za ka gani,
Yashin kuwa ya bar shi gargada-gargada, ku sani.

Mai Alƙalami:
Yaya, na karɓa, ga ƙarin shaida gabanka:
Wani zanen teku da ya yi a wajen, cikin iska,
Akwai ƙwayar yashi a fentinsa, an bincika,
Fentin mai kan kwana ɗanye, abin da ya faɗa ya liƙa.

Hajiya Mai Duba:
Wanda ya je Amstadam, gidan tarihin Van Gogh, ga hanya:
Tsayi santimita 65, faɗi 81 da 'yar ɗoriya.
Ja baya taku uku, ka ɗauke shi gaba ɗaya,
Bi dogayen sandunan jiragen, sun gitta juna sun keta samaniya.
Kai ido dama, ga ƙananan jirage can kan ruwa suna tafiya,
Su suka ba zanen nisa, ni nan na fi so in tsaya.
Sannan matso ka ga sawun burushi, wanda ba ya fita a waya.
Kada ka raina fitilar ɗakin, da dalili a baya:
Haske na koɗar da wasu jajayensa, yana dusashe rawaya.