Wai da gaske bashi da laifi sunansu ɗaya a Jamusanci?

Ɗan Ringim: Salamu alaikum. Ana hirar bashin taki a majalisa bayan la'asar, sai wani ya ce Jamusawa kalma ɗaya suke kiran bashi da laifi, wai shi ya sa suke tsoron rance. Masana, yaya abin yake?

Malamin Harshe: Wa alaikumus salam. Rabin maganar gaskiya ne. Kalmar ita ce Schuld, ana furta ta "shult". A tsohon Jamusanci sculd ce, daga aikatau sculan, wanda yau ya zama sollen, wato abu ya wajaba a kanka. Ma'anarta ta farko ke nan: abin da ke wuyanka, dole ka biya. Laifi daga baya ya shigo, domin a tsohuwar dokarsu wanda ya yi kisa yakan biya dangin mamaci Wergeld, kusan abin da muke kira diyya. Mai laifi ya zama wanda ake bi. Saboda haka bashin ne ya haifi laifin, ba laifin ne ya haifi bashin ba. Inda masu fassara ke tuntuɓe shi ne jam'i. Bashin kuɗi yawanci Schulden ake cewa. "Ich habe Schulden" na nufin ana bi na bashi, "ich bin schuld" kuwa laifina ne. Ka musanya su, ka sa wanda ya ci bashin buhu biyu na taki ya amsa laifin da bai yi ba.

Baba Akawu, Gumel: Allah ya ƙara sani, Malam. Mai bin bashi kuma Gläubiger ne, daga glauben, yarda. Batun tsoron rance dai ban kama shi ba. Ai ba Jamusawa kaɗai ba ne: mutanen Holan suna da schuld, na Suwidin skuld, kowacce tana ɗauke da ma'anonin biyu. Abin da ya ɗaure gwamnatin Jamus doka ce, Schuldenbremse, birkin bashi, da aka sa a tsarin mulki a 2009. Ta taƙaita giɓin kasafin tarayya zuwa kashi 0.35 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. A Maris 2025 da kansu suka sassauta ta saboda kuɗin tsaro. Bashi hanji ne.

Ɗan Ringim: Na gode, Baba. To Entschuldigung da suke faɗa in sun taka mutum fa?

Malamin Harshe: Tushen ɗaya ne. Ent- cirewa yake nufi, wato ka sauke mini abin da ke wuyana.