Kalmomin Ingilishi sun cika kaye, amma sun ƙi zama a kai

Ɗan Ader:

Salamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe wa kawuna lissafi a nan Tahoua. Albasar Galmi muke lodi zuwa Ghana, kuma tun da kawu ya san na zauna ajin terminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, duk saƙon WhatsApp da ya zo da Ingilishi ni ake miƙo wa waya. Ingilishin nawa kuwa na lakwal ne, wanda aka yi don a ci jarrabawa.

Na sayi kaye mai shafi 200, na ja layi a tsakiya, hagu Ingilishi, dama Faransanci. Kullum bayan isha'i kalma 20. Wata huɗu ke nan, in na buɗe shafin farko kamar wani ne ya rubuta.

Satin da ya wuce wani mai saye a Kumasi ya yi jinkirin cikon kuɗi. Kawu ya ce in roƙe shi da lalama. Na rubuta "I demand the money", a zuciyata "je demande" na Faransanci nake faɗi, wato ina roƙo. Mutumin ya kira yana faɗa, wai yaushe muka fara ba shi oda. Kawu bai ce da ni uffan ba, kallo ɗaya ya yi mini, gara a ce zagina ya yi. Don Allah ina kuskuren yake, a kaina ko a kayen?

Malama ta Yantala:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kanka lafiya lau, layin nan da ka ja a tsakiyar kaye shi ya cuce ka. A Ingilishi "demand" neman abu ne da ƙarfi, irin na wanda ya zo karɓar haƙƙinsa fuska a murtuke. "Ask" kake nema, ko ka ce "Could you please send the rest of the money?"

Abin yana da asali. A 1066 Normandawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya daɗe yana harshen fada da kotu, kalmomi dubbai suka shiga Ingilishi. Shi ya sa mu ƴan Nijar muke da riba, "nation" da "important" kyauta muka same su. Sai dai wasu sun canza hali a can. "Actually" ba "actuellement" ba ce, ma'anarta "a gaskiya". "Library" wurin karatu da aron littafi ne, ba a sayarwa kamar a "librairie" ta Faransanci. "Attend" halarta ce, babu jira a cikinta kamar "attendre" ta Faransanci. Shekara nawa ina ja wa ɗalibaina jan bik a kan waɗannan ukun, har yau ba su ƙare ba.

Amma abin da na fi so ka kama: a ce Bature ya rubuta a kayensa "sha" daidai da "boire". Ranar da ya ji an sha wahala, an sha iska, an sha kashi, ina zai sa kansa? Haka "ci": ci kasuwa, ci amana, ci bashi. To "get" da "take" da "put" su ne ci da shan Ingilishi. Kalma da abokan tafiyarta ake koyonta. Rage 20 ɗin nan zuwa 5, kowace ka rubuta ta cikin jimlar da ka tsince ta, sannan ka ƙera taka jimlar a kan buhu da mota da farashi.

Tsohon Zango:

Ɗana, ni ban zauna benci ba, amma na daɗe a Kumasi. Malama ta faɗi gaskiya, sai dai littafi bai san kasuwa ba. Mutumin Ghana da "please" yake buɗe baki, ko tambayarsa ka yi zai ce "please, yes". In ya ce "balance" sau da yawa canji yake nufi. Malaminka yana cikin wayar kawunka: bi tsofaffin saƙonnin masu sayen, yadda suka roƙa kai ma ka roƙa haka. In ta cije, nemi Bahaushen zango ya shiga tsakani, ba a rasa su.

Ɗalibar Jami'ar Abdou Moumouni:

Yaya, ƙari kaɗan. Nemi jerin Oxford 3000 a intanet, kalmomin da aka fi bukata ne, kowace da misali da lafazi. Ka sa manhajar AnkiDroid a waya, kyauta ne, yana dawo maka da kalma gab da lokacin da za ka manta ta. Tun da kundin sake gina ƙasar Nijar na watan Maris 2025 ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, wahalar nan ba ta albasa kaɗai ba ce.

Ɗan Ader:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na bi saƙonnin, "please" ta fi albasar yawa. Malama, ga wata: jiya direba ya rubuto "the truck broke down". Na duba, "break" fasawa, na gaya wa kawu mota ta tarwatse, har ya fara salati. Ashe inji ne ya tsaya kusa da Dosso. Wannan "down" ɗin da ake liƙa wa kalma, ita kuma yaya ake kama ta?