Ina zan kai Baba ya ga giwa a daji, ba a keji ba?

Ɗan Kiyawa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah shawara nake nema a wajen waɗanda suka san hanya. Mahaifina ya haura shekara 70, a ƙuruciyarsa maharbi ne, har gobe tsohuwar adakarsa tana nan rataye a ɗakinsa duk da ta daɗe da daina tashi. Ya san gada ya san barewa ya san kura, amma giwa sai dai labarin da ya ji a bakin kakansa. Shekaran jiya wancan na taɓa kai shi gidan zu a birni, ya daɗe tsaye a gaban kejin zaki bai ce komai ba, da muka fito sai ya ce min shi naman dajin da ake kawo wa abinci a kwano ba shi ya zo gani ba. Maganar nan ta tsaya min a rai wallahi.

To bana alhamdulillahi riɗi ya yi, na sayar na ware wani abu, kuma idon Baba ya fara yana shi ya sa nake gaggawa, ina so ya ga giwa da ɓauna a inda Allah ya ajiye su tun yana iya gani da kyau. Wasu sun ce Falgore tunda nan kusa ne, wasu sun ce Yankari, ƙanina kuma da ke kallon YouTube ya dage wai in ba Kenya ba ɓata kuɗi ne kawai. Ina ya fi? Kuma wane wata?

Direban Gwaram:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya saka maka da alheri da wannan niyya. Kar ka wahalar da kanka, Yankari za ka nufa, amma abin da zan ja maka kunne a kai lokaci ne ba wuri ba. Sau biyu na kai mutane. Na farko a watan Agusta muka je ana tsakiyar damina, ciyawa ta fi mota tsawo, ruwa ko'ina ya kwanta a daji, to dabbar da take da ruwa a gindin kowace bishiya me zai fito da ita bakin hanya? Muka yi yawon awa biyu, birai da gadu kawai muka gani sai sawun giwa a taɓo, faɗinsa kamar faranti. Na biyun a Maris ne, lokacin duk tafkunan daji sun ƙafe sai kogin Gaji kaɗai ke da ruwa, dole kowace dabba ta gangaro nan.

Ranar ba zan manta ba, da la'asar sakaliya ɗan jagoran ya ɗaga hannu ya ce direba ya kashe mota, mu ba mu ga komai ba sai ƙarar karyewar rassa muke ji, can sai ga su suna fitowa daga duhuwa ɗaya bayan ɗaya, wata babba a gaba tana kaɗa kunne, ƙananan a tsakiya suna cusa kai ƙarƙashin iyayensu, abin da ya fi ba ni mamaki duk girman nan ba ka jin takunsu. Wani dattijo a motarmu tasbihi kawai yake yi.

Hanya kuwa daga wajenku ba wuya, ka bi Birnin Kudu ka wuce Ningi ka shiga Bauchi, daga nan ka ɗauki titin Gombe, a Dindima za ka karya dama har ƙofar shiga a Mainamaji, daga ƙofar zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin dajin. Ku fita da asuba ku isa da rana tsaka. Kuma ku kwana biyu, a fita da ku safe da yamma safe da yamma, wanda ya je ya juyo a yini ɗaya shi ne yake dawowa yana cewa babu komai a ciki.

Malam Na Ringim:

Direba ya faɗi gaskiya, bari in ɗan ƙara. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta kusan murabba'in kilomita 2,244, an keɓe ta a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ta zama ta tarayya a 1991 sannan aka mayar wa jihar Bauchi a 2006. Giwayenta ana ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, suna cikin garke mafi girma da ya rage mana a Najeriya. To ka ga giwa 150 a daji mai wannan faɗi, ko da rani ma sai da rabo, ka faɗa wa Baba haka tun daga gida. Ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, dorina da kada duk akwai. Zaki kam kar ka yi masa alkawari, 'yan kaɗan ne suka rage kuma ba sa son mutane.

Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba, a kan hanyar taku akwai dajin Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wajen Kafin Madaki kafin ku kai Bauchi, a nan aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da ƙasar Namibiya ta ba jihar Bauchi a 2006. A Yankari ba za ku ga raƙumin dawa ba. Ainihin namu na Afirka ta Yamma a Nijar ya rage, a Kure kusa da Yamai, a 1996 saura 49 kacal suka rage a duniya, mutanen ƙauyukan suka haƙura suna zaune da su a gonakinsu har suka haura 600. Sai dai tun harin da aka kai can a Agustan 2020 ni ba zan ce ka ɗauki tsoho ka kai shi ba.

Falgore daji ne mai kyau amma farauta da kiwo da saran itace sun kori manyan dabbobin, ba wurin neman giwa ba ne yanzu. Baturiya tamu ta nan Kirikasamma kuwa ta tsuntsaye ce, da sanyi suke zuwa har daga Turai.

Maman Hanifa:

Yayana ni ta lafiyar Baba nake ji. Maris da Afrilu zafin Bauchi ba wasa ba ne ga mai shekara 70, in da hali ku je ƙarshen Fabrairu, kuma ku duba kar ya faɗo cikin azumi. Ku tafi da ruwa da yawa, maganinsa, gidan sauro, da riga mai dogon hannu wadda ba baƙa ko shuɗiya ba saboda ƙudan tsando kalar yake bi. Sannan biran nan na masauki, manya ne masu dogon baki, a gabana ɗaya ya fizge ledar burodi a hannun ɗiyata ya haye bishiya, ku riƙa kulle ƙofa da taga kar kowa ya fito da abinci a hannu. Ku kai shi ruwan Wikki da sassafe kafin mutane su cika, daga ƙarƙashin dutse yake ɓulɓulowa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, garau kana hango yashin ƙasa. Ko ƙafa ya tsoma zai ji daɗin gwiwoyinsa.

Abu Sadik Kazaure:

Ni dai ƙanin naka bai yi ƙarya ba gaskiya, in maganar yawan dabbobi ake to gabashin Afirka daban ne. A Sarengeti ta Tanzaniya da Masai Mara ta Kenya akwai wata dabba mai kama da saniya mai gemu da suke kira nyumbu da Sawahili, sama da miliyan ɗaya suke tafiya tare da jakunan dawa suna bin ruwan sama, daga Yuli zuwa Oktoba suke tsallaka kogin Mara kadoji na jiran su, kuma fili ne fetal ba duhuwa irin tamu ba shi ya sa ake ganin zaki cikin sauƙi, har karkanda da damisa in an dace. Amma fa fasfo, katin rigakafin shawara, jirgi, masauki, kuɗin shiga da dala ake biya, kuɗin riɗin shekara ɗaya ba zai ɗauki mutum biyu ba. In wata rana kana son tsallaka iyaka ba tare da biza ba ka tuna da dajin Mole a arewacin Gana, can da ƙafa masu gadin daji suke raka mutum ya ga giwa a bakin tafki, ga tsohon masallacin Larabanga a kusa, kuma a zangon Tamale da Hausa za ka yi ciniki.

Ɗan Kiyawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba duk abin da kuka rubuta, da na zo wajen da Malam ya ce sai da rabo sai ya yi murmushi ya ce ai daji ya gaji haka, shi da ya sha kwana uku a kan bishiya yana dako, kuma ko sawun kaɗai ya samu yana so ya durƙusa ya sa tafin hannunsa a ciki. Mun tsayar da Yankari in sha Allahu ƙarshen Fabrairu, kwana biyu, mu biya Sumu a dawowa, zan kuma ari madubin hangen nesa saboda idonsa. Yallaɓai direba dan Allah abu ɗaya ya rage, motar da ake shiga daji da ita tana da tsawo sosai ne? Don ƙafarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, ina so in san ko in taho masa da ɗan benci na takawa.