Wasiƙun kakan matata sun manne, yaya zan raba su?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Amurka, matata baƙar fata ce 'yar ƙasar. Surukata ta damƙa mana wani akwatin kwano cike da wasiƙun da mahaifinta ya riƙa aiko wa gida daga barikin Fort Huachuca a jihar Arizona, inda runduna ta 92 ta baƙaƙen sojoji ta yi atisaye kafin a tura ta Italiya a 1944. Ko kan sarki babu a ambulan, tunda a lokacin soja kyauta yake aika wasiƙa.

Matsalar ita ce laima ta shiga akwatin. Wasu sun manne da juna kamar an shafa musu ƙaro, na ɗan ja guda ɗaya sai tawada ta biyo bayan takardar, na tsaya. Wani ya ce in kara su a tururi, amma hankalina bai kwanta ba.

Neman takardun aikinsa ma da wuya, domin gobarar da ta tashi a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis a 1973 ta cinye mafi yawan fayilolin sojojin ƙasa na wancan zamani.

Don Allah akwai wanda ya san yadda ake raba irin waɗannan takardu ba tare da rubutun ya goge ba?